Kama da Wane Ba Ta Wane: Asalin Kiɗan Jaz a Ma'aunin Ilimin Harshe

A ranar 30 ga watan Afrilu na kowace shekara ake bikin ranar kiɗan jaz ta duniya, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 2011. Duk lokacin da ranar ta zagayo, akan ji magana guda a bakin masu sharhi da masu shirya taruka a wannan nahiya: wai jaz kiɗan Afirka ne da aka tafi da shi cikin jiragen bayi, ya girma a baƙuwar ƙasa, yanzu kuma ya komo gida. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai ɗalibin ilimin harshe, wanda aka koya wa rarrabe gado da aro, da rarrabe dangantaka da kamanni, bai dace ya haɗiye ta bai tauna ba. Matsayin wannan maƙala shi ne jaz jikan Afirka ne, haifaffen Amurka. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙire shi daga abin da suka gada da abin da suka tarar, kuma hanya mafi dacewa ta fahimtarsa ita ce wadda masana ke bi wajen nazarin harsunan kiriyol.

Mahaifar jaz ita ce birnin Niyu Olins, a bakin kogin Misisipi, cikin jihar Luwiziyana. Faransawa ne suka kafa birnin a 1718, ya koma hannun Sifaniyawa a shekarun 1760, sannan Amurka ta saye yankin baki ɗaya daga hannun Faransa a 1803. Jiragen bayi na farko sun isa can a 1719. Binciken masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na bayin da aka kai Luwiziyana a zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, cikinsu har da Bambara da Wolof. Tsakanin 1809 da 1810 kuma wasu ƴan gudun hijira kusan dubu goma, farare da ƴantattu da bayi, waɗanda juyin juya halin Haiti ya fara tarwatsawa zuwa Kuba, suka sauka a birnin, har yawan jama'arsa ya kusan ninkawa. Daga baya birnin ya zama babbar kasuwar bayi ta Amurka, inda ake kawo mutanen da aka haifa a jihohin da ke magana da Ingilishi. Gari ne da Faransanci da Sifaniyanci da Ingilishi da kiriyol da harsunan Afirka suka yi gogayya a kasuwa ɗaya. Duk wanda ya karanci cuɗanyar harsuna ya san irin abin da wuri kamar wannan ke haifarwa.

Abin da ya tsallaka teku daga Afirka sananne ne, kuma akwai shaidarsa a rubuce. Dokar bayi ta Faransa, wadda aka zartar a Luwiziyana a 1724, ta hana sa bayi aiki ranar Lahadi. A 1817 hukumar birnin ta taƙaita taruwarsu a fili guda, wanda aka sani da Dandalin Kongo. Wani maginin gine-gine mai suna Benjamin Latrobe ya ratsa ta wurin a 1819, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma zana ganguna da wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka yi da duma. Daga irin waɗannan taruka, da waƙoƙin aikin gona, da waƙoƙin majami'un baƙaƙe, aka adana wasu ɗabi'u na kiɗa: jagora ya bayar ƴan amshi su karɓa, a jera kari biyu ko uku suna tafiya tare suna saɓawa, a sa abin busa ya kwaikwayi muryar mutum, a kuma ƙagi sabon abu nan take a kan tsohon gindi. Banjo, wanda ya yi tashe a jaz na farko, ɗan gidan akontin na Jola ne da halam na Wolof da ngoni na Bambara, wato dangin molo da gurmi da garaya.

Akwai ma hujjar da ta matso kusa da Sahel. Bayan boren bayi na Stono a 1739, mahukuntan Karolina ta Kudu sun haramta wa bayi ganguna a dokar 1740, don tsoron kada a kira yaƙi da su. Inda ganga ta yi ƙaranci, abin kiɗa mai tsirkiya da murya ɗaya tilo suka sami fili. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da kiɗan buluz, ya kafa hujja cewa lanƙwasa murya, da jan gaɓa ɗaya a kan sautuka da yawa, da waƙar mutum guda da abin kiɗansa, sun fi kama da salon ƙasashen Sudan ta yamma da ta tsakiya, inda goge da molo ke da daraja, fiye da salon ganguna na bakin teku. Wannan bincike ne mai nauyi, kuma ya cancanci a karanta shi a jami'o'in Nijar. Amma abin da ya nuna shi ne ɗabi'un da suka wanzu. Bai ce an ɗauki wata waƙa sukutum daga Sagu ko Katsina an sauke ta a Misisipi ba.

Ɗaya ɓangaren kayan kuwa a can aka tarar da shi. Turumfet da kilarinet da turombon da fiyano kayan Turai ne. Tsarin jera sautuka uku ko huɗu su tashi tare, sa'an nan su sauya bisa ƙa'ida, daga waƙoƙin majami'a da kiɗan raye-rayen Turai ya fito. Badujalar soja ta bar wa birnin al'adar jerin gwano da busa, har a wajen rakiyar gawa. Bayan soke bauta a 1865 aka sami salo biyu da suka share wa jaz hanya: ragtaim, wanda Scott Joplin ya ɗaukaka da "Maple Leaf Rag" a 1899, da buluz, mai zubin ma'auni 12 da sautukan nan na mataki na uku da na bakwai da ake ɗan sassautawa. Siyasa ma ta sa hannu. Niyu Olins na da wani rukuni na kiriyol masu ruwa biyu, masu jin Faransanci, da yawansu sun iya karanta kiɗa a takarda. Dokokin wariya, waɗanda kotun ƙolin Amurka ta tabbatar a shari'ar Homer Plessy a 1896, sun tura su layi ɗaya da sauran baƙaƙe. Masu karatun takarda suka haɗu da masu koyo da kunne, kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa. A cikin wannan yanayi ne Buddy Bolden, mai busa ƙaho da ake ƙirgawa a matsayin gwanin jaz na farko, ya yi zamaninsa kafin a kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ba tare da ya bar faifai ko ɗaya da za a saurara ba.

A nan ne kwatancin kiriyol ke da amfani. Mafi yawan kalmomin kiriyol na Haiti daga Faransanci suke, yayin da masana da dama ke ganin sawun harshen Fon da danginsa a ginin jimlarsa. Duk da haka babu masanin kirki da zai kira shi karin harshen Fon, haka nan an daɗe da watsar da ra'ayin da ke kiransa gurɓataccen Faransanci. Harshe ne mai cin gashin kansa, da nahawunsa da adabinsa, wanda al'umma ta gina a ƙarƙashin ƙunci. Haka jaz yake. Kayan busa da tsarin haɗa sautuka suna matsayin kalmomin da aka ara. Kari da amshi da lanƙwasar murya suna matsayin harshen ƙarƙashi da ya ƙi mutuwa. Abin da ya fito daga haɗuwarsu kuwa sabon tsari ne da babu shi a Dakar, babu shi a Faris. Kwatanci ne, yana da iyaka, domin sautin kiɗa ba ya ɗauke da ma'ana irin ta kalma. Amma yana tsare mai nazari daga kuskuren ɗaukar kaka a matsayin jika.

Ita kanta kalmar jaz darasi ce. An sha danganta ta da kalmomin Mandinka da na Wolof, da kalmar Faransanci mai nufin surutu. Shaidar rubutu kuwa wata hanya ta bi. An fara ganin kalmar a jaridar Los Angeles Times a 1912, a bakin wani ɗan wasan besbol da ke siffanta yadda yake jefa ƙwallo, aka ci gaba da amfani da ita a shafukan wasanni na Kalifoniya da ma'anar kuzari, sai a 1915 aka gan ta a Shikago tana nufin kiɗa. Masu ƙamus da yawa sun fi karkata ga wata tsohuwar kalmar Ingilishin Amurka mai nufin kuzari a matsayin tushenta. Haka nan wasu marubuta sun ce sunan salon fiyano na bugi-wugi daga kalmar Hausa "buga" ya samo asali. Bahaushe zai ji daɗin wannan labari, amma tambayoyin sana'a suna nan: ta bakin wa kalmar ta bi, a wane ƙarni, kuma ina ta ɓuya kafin ta bayyana? Mafi yawan Hausawan da aka tsallakar da su teku Bahiya ta Birazil aka kai su, inda suka jagoranci bore tun daga 1807. Ɗaliban Hausa sun san misali na kusa: an daɗe ana koyar da cewa "boko" daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara. Kama da wane ba ta wane.

Wani zai ce wannan duk gardamar malamai ce, mene ne laifin Afirka ta yi alfahari da jininta? Laifin yana cikin tarihin yadda aka yi ta ƙwace wa masu wannan kiɗa haƙƙinsu. Faifan jaz na farko, "Livery Stable Blues", wata ƙungiyar farare ce mai suna Original Dixieland Jass Band ta naɗe shi a kamfanin Victor ranar 26 ga Fabrairu 1917, kuma shugabanta Nick LaRocca ya rayu yana iƙirarin cewa farare ne suka ƙago jaz. A shekarun 1920 farar fata ne, Paul Whiteman, ake yi wa kirari da sarkin jaz. A gidan rawa na Cotton Club a Harlem, inda Duke Ellington ya yi aiki daga 1927 zuwa 1931, makaɗa baƙaƙe ne, masu kallo farare, kuma ana tallata kiɗan da sunan kiɗan ƙungurmin daji, da ado irin na Afirkar da Turawa suka ƙaga a zukatansu. Ma'anar tallar ita ce baƙar fata ba ya tsara kiɗa da tunani, jini ne kawai ke motsa shi. Wanda ya ce jaz kiɗan kakanni ne da ya ɓulɓulo da kansa, ko da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya maimaita wannan magana. Ya shafe shekarun da mutane suka kwashe suna koyo, suna gwaji, suna rubutu, suna gardama a kan sauti.

Tarihin bunƙasar jaz shi ne babbar shaidar wannan aiki na hankali. Bayan hijirar baƙaƙe daga kudu zuwa biranen arewa, King Oliver ya naɗi faya-fayansa a 1923 tare da wani saurayi mai suna Louis Armstrong. A wancan salo makaɗa uku ke busa tare, kowa na saƙa nasa zare. Tsakanin 1925 da 1928 Armstrong ya mayar da jaz fagen gwani guda da ke tsayawa ya yi jawabinsa da ƙaho, kuma a "Heebie Jeebies" na 1926 ya yaɗa salon rera gaɓoɓi marasa ma'ana, abin da ya isa ya ja hankalin duk mai nazarin tsarin sauti, tun da gaɓoɓin suna bin ƙa'ida ko da ba su cikin ƙamus. Shekarun 1930 na manyan ƙungiyoyi ne, irin na Ellington da Count Basie da Benny Goodman, lokacin da jaz ya zama kiɗan rawar Amurka duka. A farkon shekarun 1940 kuma Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suka ƙera salon bibob a ƙananan gidajen Harlem irin su Minton's, da sauri da sarƙaƙiyar da ta sa sai an zauna an saurara. Ya yi kama da zaurancen ƴan sana'a, wanda sai wanda ya sha wuyar koyo ke shiga. A 1959 Miles Davis ya fito da "Kind of Blue", inda ya rage yawan sauye-sauyen sauti don a sami sararin ƙirƙira, a shekarar kuma Ornette Coleman ya fara kwance ƙa'idojin da kansu. Cikin shekaru arba'in da ƴan kai wannan kiɗa ya sake fata sau huɗu ko biyar, kowane sauyi da sunayen waɗanda suka yi shi.

Yadda makaɗan jaz suka waiwayi Afirka ma yana ƙarfafa wannan matsayi. A 1947 Gillespie ya ɗauki Chano Pozo, makaɗin ganga ɗan Kuba wanda ya tashi cikin al'adun da suka riƙe kiɗan Afirka sosai, suka yi "Manteca", kuma sai da kowane ɓangare ya koyi karin ɗaya. Armstrong ya sauka a Akara a 1956, aka tarbe shi tarbar sarki. A 1960, shekarar da Nijar da ƙasashe da dama suka sami ƴancin kai, Max Roach ya fito da "We Insist!", Randy Weston kuma ya naɗi "Uhuru Afrika". Yusef Lateef, wanda ya musulunta tun yana matashi, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a kan sarewar Fulani. Dukansu zuwan ɗalibi suka yi, mai neman abin da ba ya da shi a hannu. Lateef ma ƙin kalmar jaz ya yi, ya ƙago wa kiɗansa wani suna. Art Blakey, wanda shi ma ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ya sha nanata wa masu hira da shi cewa a Amurka aka haifi jaz. A ɗaya gefen, sa'ad da Mulatu Astatke na Habasha da Hugh Masekela da Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu da Fela Kuti na Najeriya suka ɗauki jaz, koyonsa suka yi kamar yadda ake koyon baƙon harshe, sa'an nan suka haɗa shi da nasu, aka sami sababbin ƴaƴa.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara. An daɗe ana koyar da cewa bauta ta goge duk wata al'ada daga zukatan waɗanda aka kama, ra'ayin da masanin zamantakewa E. Franklin Frazier ya yi fice da shi. Melville Herskovits ya ƙalubalance shi a littafinsa na 1941, kuma nanata sunan Afirka a tarihin jaz wani ɓangare ne na wannan gwagwarmaya ta maido da mutunci. Masu wannan ra'ayi na tsoron cewa jaddada haihuwar jaz a Amurka zai sake buɗe ƙofar musun gadon. Tsoron yana da dalili. Amsarsa tana cikin aikin Lorenzo Dow Turner, masanin harshe baƙar fata, wanda ya yi shekaru yana naɗar muryoyin masu magana da Gullah a tsibiran Karolina ta Kudu da Jojiya, ya koyi harsunan Afirka ta Yamma, sannan a 1949 ya fito da dubban sunaye da ɗaruruwan kalmomi tare da takwarorinsu. Abin da ya rufe bakin masu musu jerin shaidu ne da kowa zai iya dubawa. Iƙirari mai faɗi da ba shi da madogara kuwa, da zarar an karya misali ɗaya daga cikinsa, sai a yi amfani da wannan a yi watsi da sauran, har da na gaskiya.

Saboda haka aikin da ke gaban ɗaliban Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ya fi kirari wuya, ya kuma fi shi amfani. Kwatanta buluz da kiɗan Sahel na buƙatar a san kiɗan Sahel ɗin ciki da bai, kuma a nan masu Hausa a baki ke da fifiko a kan kowane baƙon mai bincike. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Yaya waƙa ke bi ko saɓa wa hawa da saukar murya na kalmomi? Yaya kalangu ke faɗin kirari har a gane? Wace ƙa'ida ke tsakanin jagora da ƴan amshi, kuma ina mai goge ke da ikon ƙagawa, ina ne ba shi da shi? Taskokin murya na cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai na ɗauke da naɗe-naɗen da ke jiran mai rubutawa da fassarawa da aunawa, ga kuma tsofaffin masu gurmi da molo da ke raye a garuruwa, waɗanda iliminsu ke tafiya da su idan sun tafi. Bayanin da aka tattara da tsanaki daga waɗannan wurare shi ne zai ba masu nazarin jaz abin da za su kwatanta da shi, ya nuna wace ɗabi'a ce gado, wace ce aro, wace ce kuma haɗuwar tsautsayi. Har zuwa lokacin da za a yi wannan aiki, adalci shi ne a kira jaz da sunan waɗanda suka yi shi, jikokin bayi na Niyu Olins da Shikago da Kansas Siti da Harlem, a kuma ambaci Afirka a gurbinta na kaka, gwargwadon abin da shaida ta tabbatar.